Kanwa da Gawayi a Bakin Hinda

A shekarar da ƙyanda ta bi ƙauyukan Dungas bayan an ɗebe gero, zamanin Nasara ke nan, ana saura 'yan shekaru su tattara su tafi, akwai wata yarinya mai suna Hinda a wani ɗan ƙauye gabas da gari. Shekarunta ba su wuce biyar ba. Ƙyandar ta sake ta, amma ta bar ta kamar kara, sai idanu. Ana cikin murna ta tashi, sai kuma baki ya ɓaci. Dasashinta ya kumbura ta gefen hagu, ya yi toka-toka, ko tuwo ta tauna sai jini, ga wani wari da in ta buɗe baki wanda ke kusa sai ya kau da kai.

Mutanen wurin sun san wannan ciwo. Sun ga yaran da ya fara wa haka, ya cinye dasashi, ya huda kunci har ana hango haƙora daga waje. Yawancinsu ba su ga damina ba. Don haka ba wanda ya tsaya dogon zance. Kowa ya ga Hinda sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

To, Hinda 'yar fari ce. Ku na yanzu sai ku yi dariya, amma a wancan lokaci 'yar fari ba ta uwarta ba ce a idon jama'a. Uwar, Balki, ba ta kiran sunanta, ba ta goya ta a gaban mutane, ba ta tambayar ta ci ko ba ta ci ba. In ya zama dole ta yi maganarta sai ta ce "waccan". Tun da aka yaye yarinyar, kakarta Kellu, wato uwar mijin Balki, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya suke, tsakanin ƙofar Kellu da ta Balki turmi ne kawai da rumbu, amma ba mai yi wa Balki zancen Hinda, ita ma ba ta nema. Shi kuwa uban, Muttaƙa, ya kora jakuna da gyaɗa zuwa wurin awo a Magarya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Sai dai akwai abin da Kellu ba ta sani ba. Tun da bakin ya ɓaci, kullum da asuba in tsohuwar ta yi salla ta zauna dogon lazimin da ta saba, Balki kan leƙo ta yafito yarinyar. Ta zaunar da ita bayan ƙyaure, ta naɗa tsumma a yatsa, ta tsoma a ruwan kanwa ungurnu da ta kwaɓa da garin gawayi, ta yi ta gogar dasashin nan har ruɓaɓɓen ya fita, ja ya bayyana. Yarinyar ba ta kuka, hawaye kawai ke zuba. In an gama, Balki ta share mata fuska da gefen zani ta ce, "Jeki. Kar ki faɗa." Duk tsawon yini, wannan ne kaɗai lokacin da hannunta ke taɓa 'yarta.

Ana haka sai labari ya zo cewa majo ya sauka Dungas yin lambar agana, wato rigakafi. Majo shi ne malamin asibitin da ke yawo ƙauyuka a madadin lokotoro, wato likita. Sunansa Mainassara. Zai yi 'yan kwanaki, in kasuwa ta ci ta watse ya wuce Mallawa. Aka ce yana ɗauke da wata allura sabuwa, fenisilin, wadda ke kashe gyambo.

Kellu ta goya Hinda ta kama hanya. Yashi ne tun daga ƙofar gida har gari, ga tsufa, ga yarinya duk da ramarta ƙafafunta har cinyar tsohuwa suke kaiwa. Rana ta yi tsaka kafin su isa.

Sun tarar da shi ƙarƙashin tsamiya, ya kafa tebur, mata da yara sun yi dogon jere. Shi ma ka gan shi ka ga wanda ya gaji, farar rigarsa ta koma ja don ƙura, idanunsa sun faɗa. A gefen teburin akwai wani ƙarfe mai wuya kamar na zalɓe, da ɗan madubi a gindinsa mai kamo hasken rana, wanda mutane ke kira madubin lokotoro, mai nuna ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Ƙarƙashin tebur kuma tukunya ce cike da jiƙaƙƙen yashi, a ciki yake binne kwalaben allurar don kada zafi ya kashe su.

Da jere ya zo kansu Kellu ta ce, "Ɗan nan, ba lamba muka zo ba. Allurar nan za ka yi wa ƙawata."

Ya buɗe bakin yarinyar da wani ɗan katako, ya duba. Sannan ya ce, "Iya, ciwon baki ba ɗaya ba ne. Akwai fari-fari irin na jarirai, shi shuɗin magani ake shafa masa. Akwai na rashin abinci. Akwai kuma wanda kike tsoro, ni ma shi nake tsoro. Shi wannan wasu ƙananan halittu biyu ke yin sa, kullum tare suke. Ɗaya mai tsini biyu ce kamar ƙoshiyar masaƙa, ɗaya murɗaɗɗiya kamar gashin da aka tsefe. Ba sa zama inda iska ke ratsawa, can ƙarƙashin ruɓaɓɓen nama suke ɓuya. In na gan su a madubi zan fasa kwalba. In ban gan su ba, ba ni da iko. Kwalaben kaɗan ne, kuma babban lokotoro ya ce duk wadda na fasa in kai masa gilashin da na shafa ciwon a kai ya duba da idonsa."

"Kai da ko gemu ba ka tara ba, duk wannan surutu a bakinka? To duba mana."

Ya ƙona bakin wata siririyar waya a fitila, ya bari ta huce, ya lakato daga dasashin ya shafa a ɗan gilashi. Ya ɗiga masa shuɗi kamar na marina, ya wanke, ya shanya a rana, ya sa ƙarƙashin madubin ya kafa ido. Ya jima yana murɗa ƙarfen. Can ya ɗago.

"Wa ya wanke mata baki?"

"Ba kowa."

"Iya, gawayi nake gani, baƙi ƙirin ya rufe ko'ina. Kanwa kuma ta hana rinin kamawa. An share musu gida kafin in zo."

"Ni na ce maka ba kowa. A ɗakina take kwana, a bayana take yini. Wataƙila ta tsinci gawayi a murhu ta tauna, ka san yara."

Ya shafa fuska da hannu biyu. "To, ku dawo gobe. Kar a sa mata komai a baki sai kunu. A bar shi yadda yake, ko da warin zai kore ku daga ɗaki."

Suka koma gida da la'asar sakaliya. Kellu ta sauke yarinyar ta miƙe ƙafa tana nishi. Balki ta kawo mata ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya, Iya." Ba ta tambayi yadda aka yi ba, don ba a tambaya. Kellu ma ba ta faɗa ba, don ba a faɗa. Abin da Balki ta gani da idonta shi ne yarinya ta dawo ba alamar allura, ga wari ya ƙaru saboda yinin rana. Sai ta ce a ranta, mutumin da ya zauna da Nasara, mai farar riga, ai ƙyama ya ji. Ya ga an kawo masa baki da ƙazanta ya kore su. Washegari da asuba ta ƙara kanwa, ta ƙara gawayi, ta goga har jini ya jiƙa tsumman.

Da Kellu ta koma da ita, Mainassara ya sa gilashin ranar a madubi, bai ma jima ba ya tura shi gefe.

"Jini da gawayi. Iya, me na ce miki jiya?"

"Wallahi ban sa mata komai ba. Ko kusa da murhu ban bar ta ta je ba."

"To akwai mai yi." Ya taɓa kuncin yarinyar ta waje da bayan yatsa. "Kin ga nan? Ya fara tauri. Jiya babu wannan. Ni gobe in kasuwa ta watse na tafi, kuma ban san ranar da zan sake biyowa ba. Iya, ba ni da wani ido sai wannan ƙarfen. Ku taimake ni."

Kellu ba ta mayar masa da wasa ba a wannan karon. A hanyar komawa ta zauna hutawa ya fi a ƙirga. A wani zaman ta juyo da yarinyar gabanta ta ce, "Ƙawa, wa ke goge miki baki?" Hinda ta sunkuyar da kai tana wasa da yashi. Tsohuwar ba ta sake tambaya ba. Mutum nawa ne a gidan? In ba uwar ba, wa?

Da yamma Balki na ɓarar gyaɗar iri a gindin rumbu. Kellu ta jawo ƙafafunta da suka kumbura kamar tulu ta zauna kusa da ita, ta ɗebi gyaɗa ita ma. Suka yi ta ɓara. Can Kellu ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke ta ce, "Wani a gidan nan yana da kanwa mai kyau."

Balki ta ci gaba da ɓara.

"Majo ya ce kanwar ce ke rufe masa ido."

"Ni ina ruwana da waccan, Iya? 'Yarki ce."

"Na sani tawa ce. Bayana ne ya sani, ƙafafuna ma sun sani." Ta watsa ɓawo gefe. Sai kuma ta daina kallon akuya ta juyo ta dubi surukarta ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba a kan wannan zance. "Ke 'yar nan, na gaji da kewaye-kewaye. Ni ma na haifi ɗan fari, shi ne mijinki, na san abin da ake yi a bayan ƙyaure. Ba laifi kika yi ba. Amma mutumin nan sai ya ga ruɓar da idonsa zai yi allura, ke kuma kullum kina kwashe ta kafin mu je. Gobe ce ta ƙarshe. Ki bar bakin."

Hannun Balki ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta ce a hankali, "Na zaci ƙyama ya ji."

"Wannan? Wanda ke lakatar ruɓa da waya yana shanyawa a rana kamar kuɓewa? Ina ya ga ƙyama."

"In na bari zai ci gaba da cin ta."

"Zai ci. Kwana ɗaya. Ki bar shi ya ci."

Da asuba Balki ba ta leƙa ba, ba ta yafito kowa ba. Amma yarinya ta saba. Kellu na fara lazimi sai ga Hinda ta lallaɓo ta tsaya a bakin ƙofar uwarta, ta ɗaga kai, ta buɗe baki da kanta tana jira. Warin ya cika ɗakin. Kuncin ya tasa har idon hagu ya ƙanƙance. Ƙwaryar kanwa na nan a inda take kullum, tsumma na rataye a jikin ƙyaure.

"Jeki," in ji Balki.

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Na ce jeki wurin Iya. Yau babu."

Hinda ta rufe bakin. Ta tsaya tana kallonta, irin kallon yaron da ke neman laifin da ya yi. Sannan ta juya ta tafi. Balki ta sa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu har gari ya waye.

Da Kellu ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ta gwada ta dafa bango, ta koma ta zauna. Jakunan gidan duk suna Magarya. Maƙwabta tun da duku-duku sun yi gaba da kayan kasuwa. Tsohuwar ta kwance majanyi daga ƙugunta ta jefa tsakar gida.

"Ɗauki."

"Iya, ranar kasuwa ce fa."

"Na san ranar da take. Bar mini jaririnki, ƙanen nata, zan ba shi kunu. Ɗauki."

Haka Balki ta goya 'yar farinta ta fito da ita hanya, a idon jama'a, ranar kasuwar Dungas. Ba ta san nauyinta ba sai ranar. Ƙasusuwan gwiwar yarinyar na sukar ta a haƙarƙari, numfashinta mai zafi na sauka a wuyanta da warinsa. Tun kafin su shiga gari suka fara cim ma matan ƙauyensu da ƙwaryar nono da ta daddawa a ka.

"A'a! Wa nake gani haka? Balki, wa kika goyo?"

"Ku zo ku ga rashin ta ido! Yau 'yar fari a bayan uwarta."

"Gobe ma sai mu ji kina kiran sunanta a bakin rijiya."

Wata dattijuwa cikinsu ta leƙa fuskar yarinyar, ta ga kuncin, ta ce wa sauran, "Ku yi mata shiru." Suka yi shiru, amma Balki ta fi jin nauyin shirun. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ratsa ta tsakiyar masu tabarmi da masu gishiri, ba ta amsa gaisuwar kowa ba.

Mainassara ya riga ya fara ɗaure akwatuna. Ya dubi yarinyar, ya dubi wadda ta goyo ta.

"Ina tsohuwar tawa?"

"Ƙafa."

"Ke ce uwar?"

Balki ta dubi ƙasa. "Aiko ni aka yi."

Ya gane, bai ƙara ba. "To, 'yar aike, zauna nan. Ɗora ta a cinya, ki riƙe mata kai da kyau, yau zan shiga ciki."

Ya buɗe bakin. Wani toka-tokan yaɓi ya rufe dasashin tun daga turame har gaba, haƙori ɗaya na lilo. Ya ce, "Yauwa. Haka nake so," kamar wanda aka kawo wa tsaraba. Ya ƙona wayar, ya ɗaga gefen yaɓin, ya zura ta can ƙarƙashi inda iska ba ta kaiwa. Nan Hinda ta ƙwalla ƙara, ta farko tun da aka fara wannan wahala. Balki ta matse kan a ƙirjinta tana cewa, "Ya isa, ya isa," ba ta ma san a fili take faɗa ba.

Ya shafa, ya rina, ya shanya. Jiran gilashin ya bushe ya yi wa Balki tsawo fiye da hanyar da ta taho. Ya ɗiga ɗan mai a kai, ya juya madubi ya kamo rana, ya kafa ido. Hayaniyar kasuwa na tashi a bayansu, wani na rantsuwa a kan kuɗin tunkiya.

"Ga su," ya ce. "Kamar an zuba. Zo ki gani."

"Ni?"

"Ke. Rufe ido ɗaya."

Ta sunkuya da yarinyar a kafaɗa. Da farko haske kawai ta gani. Sai ga wani fili zagayayye, shuɗi-shuɗi, cike da ƙananan abubuwa. Wasu dunƙule-dunƙule a jere kamar tsakiyar da mata ke sawa a wuya.

"Waɗannan masu kama da tsakiya bar su, kowa na da su a baki, har ni," in ji shi. "Dubi dogayen, masu tsini gaba da baya. Sai kuma sirara da suka nannaɗe a tsakaninsu."

Ta gan su. Ƙoshiyoyi birjik, da murɗaɗɗun zarurruka sun sarƙe su ta ko'ina. Ta ɗago ta ce, "Waɗannan 'yan abubuwan ne?"

"Su ne."

Ya tona yashin tukunya ya ciro kwalba, ya narka garin da ruwa, ya zuƙa. Allurar mai kauri ce, a ɗuwawu ake yin ta, ya ce irin wadda ke daɗewa a jiki ce tana aiki. Hinda ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya naɗe gilashin a takarda ya sa a akwati.

"Wanda ke wanke mata baki a gidanku," ya ce yana ɗaure igiya, bai dube ta ba, "ki gaya masa wankin ne ya riƙe ciwon bai huda kunci ba tuntuni. Amma ya bar kanwa da gawayi, suna ƙona naman. Ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri, tsumma mai laushi, safe da yamma. A ba ta nono, a ba ta ƙwai in akwai, kunun gyaɗa kullum. Haƙorin nan zai fita, kar a damu. In kumburin bai sauka ba, a kai ta Magarya ko a kan me."

"Zan faɗa masa."

Ta goya ta suka juyo. Ba ta sayi ko gishirin ba, sai da suka yi nisa ta tuna, ta tsaya tana shawarar komawa, ƙafafunta suka ƙi. Ta ce a ranta za ta roƙa wurin maƙwabta. A gindin wani gawo ta kwance goyon ta zauna don ta huta kaɗan. Yarinyar ta yi barci, miyau na zuba a cinyar uwar. Balki ta jingina da itacen tana korar mata ƙudaje, har ita ma barci ya ɗauke ta. Masu dawowa daga kasuwa ne suka tashe su da rana ta yi sanyi.

Kumburin bai sauka da wuri ba. Sai da aka kwana, aka sake kwana, sannan idon hagu ya buɗe, warin ya fara ja da baya. Haƙora biyu suka fita maimakon ɗaya, dasashin wajen ya warke a shanye, kuncin ya ɗan lotsa har girmanta. Amma bai huje ba. Muttaƙa ya dawo da jakuna ya tarar da ita zaune a gindin turmi tana shan kunu da gefe ɗaya na baki. Ya tambayi uwarsa me ya sami ƙafafunta, ta ce ya je ya sauke kaya tukuna, zancen da tsawo kuma ita ta gaji.